Babu Shi a Allo

Shafi na 19

Masu cewa na bar Maman Biyu tsaye a caji ofis na tafi yawona, ku yi haƙuri, wayata ce ta faɗa ruwan wanki. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto min cewa Yaya Babba mutumin kirki ne in daina ɓata shi, matso kusa, shafin yau naki ne.

*

"Ki sake dubawa," in ji Maman Biyu, hannunta dafe da kantar ofishin.

Kofur ɗin da ke zaune gaban kwamfuta ta sauke ajiyar zuciya. Mace ce mai jiki, idanunta sun gaji da kallon rubutu, sun kuma gaji da kallon mata irin Maman Biyu. Ta juyo mata da fuskar kwamfutar.

"Ga shi ki gani da idonki. Na buga sunan mijinki, na buga na mahaifinsa, na buga direba. Babu shi a Allo."

Allo shi ne sunan da mutane suka laƙaba wa shafin nan da gwamnati ta buɗe. Duk wanda 'yan sanda suka kama, dole a sa sunansa da hotonsa a ciki, kowa ya buɗe a wayarsa ya gani. Wanda ya hau Allo likita zai duba shi, lauya zai gan shi, danginsa su san inda yake kwana. Har ga wata ƙatuwar takarda manne a bangon ofishin, da hoton ɗan sanda yana murmushi, an rubuta a ƙasa: BA MU ƁOYE KOMAI. Maman Biyu ta kalli murmushin nan har ta tsane shi.

"To idan babu shi, wa nake kawo wa abinci kullum?"

"Wannan kuma ki tambayi wanda yake karɓa a ƙofar baya."

Maman Biyu ta ɗora kular abincin a kan kantar, ta buɗe murfin.

"Mijina ba ya cin albasa. Tun da na aure shi tsince ta yake yi, ya jera a bakin faranti kamar mai shanya. Kwanakin farko kular nan tana dawo min da albasarta jere a murfi, sai in san shi ya ci, in samu in runtsa. Tun shekaranjiya a suɗe take dawowa tas. Na ce ko yunwa ce ta koya masa. Yau kuma ga abin da na gani."

Ta warware wani hankici. Abin shaƙarsa ne na asma, sabo, wanda ta tura a ƙarƙashin murfi jiya. Ko ledarsa ba a ɓare ba.

"Mai asma ba ya mayar da wannan, ranki ya daɗe. Ko ke kin sani."

Kofur ta kalli abin, ta kalli ƙofar ofishin maigidansu da ke rufe. Sai ta jawo wata takarda ta yi kamar tana nuna mata wurin sa hannu, ta sassauta murya.

"Ni abin da aka ba ni nake bugawa, 'yar'uwa. Ranar da aka kwaso su daga garejin nan bayan faɗan da aka yi a can, har na ɗauki hoton mijinki, har na fara buga sunansa. Ni kaina na ga ba mai faɗa ba ne, mota ya kai gyara tsautsayi ya rutsa da shi. Sai wani mutum ya shigo, mai farin gilashi, yana kaɗa makullin mota. Ya shiga wajen maigida, muna jin dariyarsu har nan. Da suka fito aka ce in goge."

"A goge? Saboda me?"

"An ce iyalinsa ne suka roƙa."

Mutum ɗaya Maman Biyu ta sani a duniya mai farin gilashi da kaɗa makulli.

"Wanda ba ya Allo ba ya wuyan kowa," Kofur ta ci gaba, idonta a kan takarda. "Idan masu dubawa daga sama za su zo, irinsu ake kwashewa a zuba a rufaffiyar mota, a yi ta zagaye da su har baƙi su tafi. Shekaranjiya masu dubawa sun zo. Motar ta fita."

"Ta dawo?"

Kofur ta janye takardarta, ta juyar da kwamfutar, ta ɗaga murya kamar ba su taɓa magana ba.

"Na gaba!"

*

Takalman Yaya Babba ta fara gani a ƙofar ɗakin Inna, baƙaƙe, an goge su suna ƙyalli.

Shi ne yayan mijinta, shi ne mai makarantar da mijin yake tuƙa wa motar yara, a makarantarsa kuma tagwayenta suke karatu. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa gaishe shi a tsaye ba. Yau ta ɗaga labule ta shiga, ko sallamar kirki ba ta yi ba.

Yana zaune a kujerar mai taushi, kofin shayi a hannu. Inna, surukarta, tana ƙasa a kan darduma, ta miƙe ƙafafu tana shafa wa gwiwoyinta man zafi.

"Kin dawo?" in ji Inna. "Ya ci abincin?"

"Wani dai ya ci."

Ta ajiye kular a tsakar ɗaki da ƙarfi, murfin ya gangara ya tsaya a ƙafar Yaya Babba.

"Lafiya, Maman Biyu?" Ya ɗago yana kallonta ta saman gilashi. "Gaisuwar ma yau ta gagara?"

"Yaya, kai ka ce a goge sunan Baban Biyu?"

Kofin ya tsaya a hanya, bai kai baki ba.

"Wa ya gaya miki wannan?"

"Tambayarka na yi."

"Ke! Da wa kike magana haka?"

"Da wanda ya bar ni ina yawo caji ofis kullum kamar mahaukaciya. Ina buɗe Allo safe da yamma, ina zuwa in gaya maka babu shi, kai kuma kana ce min in yi haƙuri injin gwamnati ne mai jinkiri. A wannan kujerar ka zauna ka gaya min haka, Yaya. Har ka ce in ƙara addu'a."

Yaya Babba ya ajiye kofin a hankali. Ya cire gilashin ya goge da bakin riga. Haka yake yi a taron iyayen yara idan an matsa masa da tambaya, kuma yau Maman Biyu ta gane ba don gilashin ya yi datti ba ne.

"Zauna in yi miki bayani."

"Ina ji a tsaye."

"To ji. E, ni na roƙa. Kuma da za a dawo da ranar, sai na sake roƙa. Kin san mene ne Allo kuwa? Kin ga yaron mai gyaran rediyon nan na bayan layi? An kama shi bisa kuskure, washegari aka sake shi. Har yau hotonsa na yawo a wayoyin mutane. Ya nemi aikin gadi an nuna masa hoton. Ya je neman ɗakin haya an nuna masa hoton. Allo yana rubuta kama, amma babu mai komawa ya karanta saki. Mijinki 'ya'yan mutane yake ɗauka a mota. Wace uwa ce za ta ga fuskarsa a can, gobe ta miƙa masa ɗanta?"

"Wace uwa ce za ta ci gaba da kawo ɗanta makarantarka, haka za ka ce."

"Makarantar da ke ciyar da ku?"

"Ita fa."

Abin haushin shi ne ba ƙarya ya yi ba game da yaron mai rediyo, Maman Biyu ma ta ga hoton, har an taɓa turo mata shi. Wannan ne ya ƙara mata ɗacin zuciya. Da ƙarya zalla ya shirga mata, da ta fi sanin inda za ta kama shi.

"Shugaban ofishin nan ajinmu ɗaya," ya ci gaba, muryarsa ta sauko. "Benci ɗaya muka zauna. Ya ce min kar in damu, a bar shi ya ɗan kwana biyu ƙura ta lafa, sai a buɗe masa ƙofar baya ya taho gida, babu wanda ya ji, babu wanda ya gani. Alfarma ya yi mana."

"Alfarma." Ta maimaita kalmar kamar ta tauna tsakuwa. "Waɗanda ba su da yaya mai alfarma, duk sun hau Allo. Makanikin da ya fara faɗan ma ya hau, likita ya duba shi, lauya ya zo, jiya na gan shi a bakin titi yana wanke hannu da fetur. Wanda ya fasa wa mutum kai yana gida. Nawa da bai taɓa kowa ba, shi ne aka yi wa alfarma."

"Ki bar ganin laifinsa shi kaɗai."

Inna ce ta yi maganar. Ta daina shafa gwiwar, hannunta yana nan a kai.

"Ni na tashe shi ya je. Ni na ce masa kar ya bari a manna fuskar ɗana duniya ta kalla kamar ɓarawo. Mahaifinsu har ya koma ga Allah ko ƙofar caji ofis bai sani ba. Sai yanzu da na tsufa mata su riƙa miƙa wa juna waya a gidan suna, ana cewa ga ɗan wance? Na ce a rufa mana asiri."

Maman Biyu ta juya ta kalli tsohuwar. Wannan ita ce matar da suke kuka tare kullum bayan sallar asuba. Ita ce mai cewa ƙara masa nama, ya rame. Ashe duk ta sani.

"Har da ke, Inna?"

"Ɗana ne."

"Ni kuma mijina ne. Uban 'ya'yana ne. Kuka zauna ku biyu kuka yanke, ni ko a gaya min?"

"Mun san halinki," in ji Yaya Babba. "Da an gaya miki, da kin tara mana jama'a."

"Da na tara! Wallahi da na tara! Da jama'ar nan sun san inda yake!"

Ta warware hankicin ta ajiye abin shaƙar a gaban Inna, daidai kusa da kwalbar man zafi.

"Kin san wannan?"

Inna ta sani. Ita ta raine shi da ciwon, ita ta sha zama da shi a cinya yana jan numfashi kamar ana zuge tsohon zif.

"Yau aka dawo min da shi ba a buɗe ba. Abincin da nake kaiwa wani ƙato ne yake cinyewa a ƙofar baya. Waɗanda ba sa Allo, idan masu dubawa za su zo, a rufaffiyar mota ake zuba su a yi ta yawo da su cikin rana. Rufaffiya, Inna, babu taga. Mai asma. Shekaranjiya motar ta fita, na tambaya ko ta dawo, an ƙi ba ni amsa. Asirin da kuka rufa kenan. Kun rufe shi ruf, har da mutumin a ciki."

Inna ta ɗauki abin shaƙar da hannu biyu.

"Babba," ta ce, "ba ka ce min a ofis yake kwana ba? Ba ka ce har fanka aka ba shi ba?"

"Haka aka ce min."

"Ka gan shi?"

Ya ci gaba da goge gilashin.

"Na ce ka gan shi da idonka?"

"Tun ranar farko dai... ayyuka sun yi min yawa, Inna, ga jarrabawar yara..."

"Kira shi," in ji Maman Biyu.

"Wa?"

"Abokin bencin naka. Kira shi yanzu, ka buɗe murya kowa ya ji. Ka ce a sa sunan Baban Biyu a Allo. A sa hoton, a sa komai. Ni zan fara turawa duniya da hannuna. Gara min miji mai hoto a wayoyin mutane da mijin da babu shi."

Ya kalli Inna yana jiran ta tsawatar. Inna ba ta ɗago ba.

"Kira shi, Babba."

Sai da wayar ta kusa katsewa aka ɗauka. Murya ce mai kauri, ta mutumin da ya ƙoshi.

"A'a, Hedimasta! Yau an tuna da mu?"

"Dogo, barka da aiki. Maganar ƙanin nan nawa ce."

"Wane ƙanin?"

Yaya Babba ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji.

"Haba Dogo. Direban nan. Wanda na zo muka yi magana."

Aka ji ƙarar rufe ƙofa a can.

"Kai kaɗai ne a wurin?"

Maman Biyu ta kafe shi da ido.

"Ni kaɗai ne," in ji Yaya Babba.

"To Hedimasta, ka san dai yadda aikin yake yanzu. Ni abin da ke Allo shi na sani. Abin da ba ya Allo, ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba. Kai ka zo da ƙafarka ka ce kar a rubuta."

"Na sani, na kuma gode. To yanzu iyali sun sake shawara. A sa shi kawai. Kuma ina so in zo in gan shi yau, ba shi da lafiya."

"A sa shi?"

"A sa shi."

"Ka tabbata haka kake so?"

"Haka nake so."

Sai mutumin ya ce, cikin fara'a kamar wanda aka sauke wa kaya:

"Shi ke nan, ai ba a ƙi ta abokin benci. Ka duba Allo nan da ɗan anjima. A gaida Inna."

Ƙit, ya kashe.

Yaya Babba ya mayar da gilashinsa, ya jingina da kujera. Har kafaɗunsa sun fara komawa inda suka saba zama.

"Kin gani? Magana ɗaya. Da kin zo min da ladabi tun farko, da ba a kai ga tayar wa Inna da hankali ba. Mutanen nan ba dodanni ba ne, sanin yadda ake bi da su ne kawai."

Maman Biyu ta zauna a bakin gadon Inna, ta buɗe Allo a wayarta, ta buga sunan. Babu. Ta ja shafin ƙasa da yatsa, ya juya, ya dawo. Babu. Shayin Yaya Babba ya huce a kofi. A waje mai gyaran takalma ya wuce yana buga akwatinsa. Inna tana ta motsa baki, abin shaƙar na ƙirjinta.

Ta sake ja. Ya juya.

Sai ga fuskarsa.

Wani sauti ya kuɓuce mata, ita kanta ba ta san ko kuka ba ne ko dariya. Shi ne. Rigar aikinsa ce a jikinsa, mai tambarin makarantar Yaya Babba a aljihu. Bakinsa a ɗan buɗe, yadda yake yi idan ƙirjin ya fara riƙe shi. Yana kallon mai ɗaukar hoton kamar zai ba ta haƙuri don ya ɓata mata lokaci.

"Ya fito?" in ji Inna, tana jan jiki kusa. "Nuna min ɗana. Karanta min, me suka rubuta?"

Maman Biyu ta goge ido da gefen mayafi ta fara karantawa a fili. Suna. Sana'a, direba. Inda aka kama shi, gareji. Ta gangara layi na gaba, sai muryarta ta tsaya.

"Karanta mana," in ji Yaya Babba.

Ta ɗago ta kalle shi. Ta mayar da ido kan wayar, ta karanta a hankali, kalma bayan kalma.

"An sallame shi a ranar da aka kama shi, cikin ƙoshin lafiya. An danƙa shi a hannun yayansa."

Ta juya masa wayar. A ƙasan rubutun ga hoton sa hannu, dogo mai lanƙwasa a ƙarshe, irin wanda ke kan sakamakon jarrabawar tagwayenta.

Yaya Babba ya miƙe tsaye, gwiwarsa ta ture kofin, shayi ya malale a kan darduma.

"A'a... wannan ai... takardar da ya ba ni ce ranar nan. Ya ce ta shaidar na zo ziyara ce kawai. Muna cikin hira ya miƙo, ko karantawa ban..."

Ya danna kiran Dogo. Wayar a kashe. Ya sake dannawa. A kashe.

Inna kuwa kalma ɗaya ce ta shiga kunnenta. Ta dafa bango ta miƙe a kan gwiwoyin da suka daɗe ba su ɗauke ta da sauri haka ba, fuskarta ta washe, hawaye na bin kumatunta.

"An sallame shi! Alhamdulillahi! Kin ji ko, Maman Biyu? An sallame shi, an ba yayansa!"

Inna ta kalli Maman Biyu, ta ga fuskarta. Ta juya ta kalli babban ɗanta, wayar na hannunsa. Murmushin ya fara sauka daga fuskarta a hankali.

Ta miƙa masa abin shaƙar.

"To Babba," ta ce, "ina ka kai min shi?"